Minti Biyar Ɗin Inna

Shafi na 19

Na ga saƙonninku. Masu cewa Auta baiwar Allah ce, da masu cewa akwai abin da take ɓoyewa, duk ku gyara zama. Yau ba zan kare kowa ba.

*

Ƙarfe tara saura kwata na safiyar Alhamis, Auta na bayan kantar tikiti tana duba sunayen fasinjojin jirgin tara da arba'in. Filin jirgin nasu ƙarami ne: kanta biyu, sikeli ɗaya, da agogon bango da ya girmi rabin ma'aikatan.

A kan suna na goma sha bakwai idonta ya tsaya. Sunan mahaifiyarta ne, har da na kakanta a ƙarshe.

Ta ce a ranta takwara ce. Ba ta gama faɗa ba ta ji ƙarar sanda a kan siminti, ƙwas, ƙwas, irin wadda take ji kullum daga ɗaki zuwa tsakar gida.

Ta ɗago. Inna ce, cikin mayafin da ba ta sakawa sai za ta unguwa, da ƙaramar jaka a hammata. Tana tafe tana ƙanƙance ido saboda yanar da ta ci mata gani.

Auta ta miƙe tsaye.

"Inna! Me kike yi a nan? Wa ya kawo ki?"

"Maƙwabciyarmu Maman 'yan biyu ta sa mijinta ya sauke ni. Ita ta yankar min tikitin ma, a wayarta."

"Tikitin ina?"

"Ke da kike zaune a kansa kike tambayata? Wurin yayanki za ni."

Baba Sikeli, dattijon da ke auna kayan fasinja, ya taso yana washe baki.

"A'a! Yau muna da manyan baƙi. Innarmu da kanta? Kai, madalla. Ai kuwa kin zaɓi rana, don yau Alhamis ɗin farkon wata, ɗan naki…"

"Baba, ɗora jakar," Auta ta katse shi.

Ya dube ta. Ta dube shi da idon roƙo. Ya haɗiye sauran maganar, ya karɓi jakar ya ɗora. Kilo uku da rabi.

"Kayan ke nan duka?"

"Me zan ɗauka? Tafiyar minti biyar ce."

Baba Sikeli ya yi dariya, ya ɗauka wasa take.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta kwance bakin mayafinta ta ciro wata takarda da ta sha ninki har ta yi laushi kamar tsumma. Auta ta san takardar. Tsohon tikitin Yaya ne, kwafin da ya bari a kan tebur ranar da ya tafi, shekara shida da suka wuce. Inna ba ta iya karatun boko ba, amma lamba ba ta ɓace mata, shekara talatin ta yi tana riƙe da awon ɗinki.

Ta shimfiɗa ta a kan kantar, ta ɗora yatsa.

"Ka gani? Tashi, tara da arba'in. Sauka, tara da arba'in da biyar. Ko ruwan shayi bai tafasa ba ka isa. Shi ne ya gagari ɗana shekara shida."

Baba Sikeli ya leƙa takardar. Ya sake duban Auta, wannan karon ba dariya a fuskarsa.

"Inna, mu je gefe," Auta ta ce. "Akwai mutane a bayanki."

"Su jira. Ni ma na jira."

"Ran Litinin za a yi miki aikin ido. Likita ya ce ki huta."

"Likita ya ce ko a dace ko kada a dace. Da kunnena na ji, ba ido nake ji da shi ba. In ba a dace ba fa? In zauna a duhu ina lalubar fuskar ɗana da hannu? Yanzu da sauran ɗan hasken nan nake so in gan shi."

"To ki bari in kira shi."

"Kin sha kira."

Inna ta matso ta dafa kantar.

"Sau nawa na aike ki? Tun bai cika wata da tafiya ba na ce ki gaya masa ya zo, na huce. Kika ce ya ce aiki ya yi yawa. Da na kwanta ciwon ƙafa na sake aikenki. Kika ce ya ce sai ya sami hutu. Da aka rushe shagon babanku na aike ki. Na daina ƙirgawa a na goma sha ɗaya, don kada zuciyata ta yi masa baki ban sani ba."

Baba Sikeli na tsaye da takardar liƙa wa jaka a hannu. Bai liƙa ba.

Ku da kuka shigo labarin a tsakiya, ga abin da ya faru. Kwana goma sha biyu da rasuwar mahaifinsu, Yaya ya sami aikin injiniyan ruwa a wancan garin, aka ce ko ya zo a makon ko a ba wani. Inna ta ce ya zauna, ya ce zai tafi. A bakin ƙofa, da zafin rashi a ranta, ta ce masa: "In ka fita, kada ka tako min gida sai na aika." Yaya kuwa irin mutanen nan ne da maganar uwa ke zauna musu daram kamar tubali. Inna ba ta riƙe waya, ta Auta ce ta gidan. Saboda haka duk wata magana tsakanin uwa da ɗa, ta hannun Auta take bi.

Auta ta tura wa abokiyar aikinta layin, ta zagayo ta kama hannun Inna zuwa kujerun da ke ƙarƙashin agogo. Sai da suka zauna ta lura a kan wace kujera ta zaunar da ita. Ta kawar da kai.

"Inna, ba minti biyar ba ne."

"Kamar yaya?"

"Tafiyar. Awa ɗaya ce da minti biyar."

"Takardar ce ta yi ƙarya?"

"Ba ta yi ƙarya ba. Agogonsu ne ba ɗaya da namu ba. Suna bayanmu da awa guda. In ƙarfe goma ta yi a nan, su tara ce a can. Tikiti kuwa lokacin tashi da agogonmu yake rubutawa, lokacin sauka da nasu. Shi ya sa in za ka, sai ka ga kamar minti biyar. In za ka dawo kuma, sai ka ga awa biyu da minti biyar. Nisan ɗaya ne, kilomita wajen ɗari shida. A mota kwana ake yi a hanya."

Inna ta juya tsohon tikitin a hannunta. Ta kawo shi dab da idonta, ta mayar.

"Rana ɗaya ce a sama, amma agogo biyu?"

"Haka ne."

"Tun yaushe kika san wannan?"

"Tun makon da na fara aiki a nan."

"Shekara shida kina jina ina cewa minti biyar. Da safe in faɗa, da yamma in faɗa. Kina wanke kwano kina jina."

"Na'am."

"Ba ki taɓa cewa, Inna, ba haka ba ne."

Auta ta sunkuyar da kai tana jiran faɗa. Da ma faɗan ya zo, da ta ji sauƙi.

Bai zo ba. Inna ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, fuskarta ta saki kamar wadda aka sauke wa tulu daga ka.

"Ashe da nisa," ta ce a hankali. "Ashe da nisa, ɗan nan. Ni ina nan ina ta ƙullatarsa, ina cewa nan da nan ya gagare shi. Kilomita ɗari shida! Mutum da aiki a wuyansa. Allah sarki. Ashe ba ƙina ya yi ba."

Wallahi ni mai ba da labarin nan sai da na ajiye wayar na share ido. Tsohuwa ta sami awa ɗaya, ta riƙe ta hannu bibbiyu ta wanke ɗanta da ita tas. Auta kuwa na zaune kusa da ita, da maganar da za ta gyara komai a kan harshenta. Kalma huɗu ce: zauna, yana zuwa yau. Ta buɗe baki.

Idonta ya faɗa kan sabon tikitin da ke cinyar Inna.

"Inna, wannan na zuwa ne kaɗai. Ina na dawowa?"

"Dawowa sai yadda hali ya yi. In ya ce in zauna a yi aikin idon a can, ai ba zan ƙi ba. An ce asibitinsu ya fi."

"Gidan fa?"

"Gida ai kina nan."

Bakin Auta ya rufe.

Lasifika ta yi kira na farko. Inna ta dafa sanda ta miƙe da ƙarfin da Auta ta manta tana da shi.

"Tashi ki buga min takardar shiga. Ko sai na kai ƙararki wurin ogan naku?"

"Kin san inda za ki same shi?"

"Ga wasiƙarsa ta farko, da adireshi a bayanta. In na sauka zan miƙa wa mai tasi."

Auta ta san Yaya ya bar wannan gidan shekara huɗu ke nan. Ta san har launin ƙofar sabon gidan, don ya nuna mata a waya. Ta koma bayan kantar, ta danna kwamfuta, takarda ta fito. Ta rubuta a jiki cewa fasinjar na buƙatar mai riƙe ta.

Ma'aikaciyar jirgi ta zo da kujera mai taya. Inna ta harare ta.

"Ƙafata ƙalau. Idon ne ya yi yaji."

A bakin ƙofar shiga ta tsaya, ta laluba cikin jaka, ta ciro makullin gida da ke ɗaure da jan ƙyalle. Ta damƙa a tafin Auta ta rufe da nata hannun.

"Na bar miki abinci a kula. Ki ci da zafinsa, kada ki tsaya kallon bango kamar yadda kika saba. Ke ce kika zauna da ni, Auta. Ban manta ba."

Ta juya. Ƙwas, ƙwas, har ƙofar gilashi ta rufe.

Auta ta daɗe a tsaye. Da ta waiwayo, layi ya ƙare, zauren ya koma yadda yake kullum bayan an kwashe fasinja: kujeru ba kowa, fanka na juyawa, mai shara na jan bokiti. Baba Sikeli na zaune a kan sikelinsa, abin da yake hana kowa yi.

"Zo nan, 'yata."

Ta zo.

"Ni dai awon kaya na sani, ban yi karatu ba. Ki taimaka min da lissafin nan. Duk Alhamis ɗin farkon wata, wani bawan Allah na sauka a jirgin sha biyu da talatin da biyar. Ya miƙa miki leda da maganin ɗigawa a ido. Ya zauna a kujerar can, wadda kika zaunar da uwarsa yanzu. Awa uku yana kallon titi. Ya hau jirgin uku da arba'in ya koma. Shekara nawa?"

"Biyar da rabi."

"Daga nan zuwa gidanku minti nawa a tasi?"

"Ashirin."

"Kullum in na kai masa shayi sai ya ce min, Baba, ba ta aika ba tukuna. Ni kuma in koma gida in ce wa matata, kai, akwai iyaye masu zuciyar dutse. Na ɗauki alhakin tsohuwar nan shekara biyar da rabi. Yau na ji da kunnena ta ce sau goma sha ɗaya."

Ya ɗago ya dube ta.

"Me ya yi miki?"

"Bai yi min komai ba."

"Ita fa?"

"Ba ta yi min komai ba."

"To me ya sa?"

Ta zauna a ƙasa, a jikin kantar, da kayan aikinta da komai.

"A watan da ya tafi aurena ya mutu, Baba. Na dawo gida da akwati biyu. Ba ɗa, ba jika. Ƙawayena duk sun watse, kowa da hidimarta. In na tashi aiki, mutum ɗaya ne a duniya ke tambayata me ya sa na yi latti. Sai Yaya ya kira ya ce ya kama gida mai ɗaki uku, da zarar ta huce zai zo ya ɗauke ta. A daren ta ce in gaya masa ya zo."

"Sai kika ƙi."

"Na ce wata ɗaya kawai. In ɗan saba tukuna. Da watan ya cika sai na ga in na faɗa yanzu za a tambaye ni na baya. Na ƙara wata. Kullum ƙaryar na ƙara nauyi, ni kuma ina ƙara jin tsoron ɗaga ta."

"Maganin fa? Me kike ce mata?"

"Ina cire ledar. Ina cewa ni na saya."

Baba Sikeli ya cire hularsa ya shafa kai.

"Kin ji tsoron zama ke kaɗai, sai kika zaunar da mutum uku kowa shi kaɗai."

A waje injin jirgi ya ɗauki kuka. Tagogin zauren suka yi ta karkarwa yadda suka saba. Ta gilashi Auta ta ga farin jirgin ya gangara ƙarshen titinsa, ya juyo, ya kwasa da gudu, ya ɗaga hanci. Agogon bango ya nuna tara da arba'in daidai. Jirgin da kullum sai ya yi latti, yau ya ga damar cika alkawari.

"Yanzu saurara," Baba Sikeli ya ce. "Jirgin nan da ya ɗauke ta, shi ne zai juyo da shi, ko ba haka ba?"

"Shi ne."

"Ƙarfe nawa yake tashi daga can?"

"Goma da rabi nasu. Sha ɗaya da rabi namu."

"Na taɓa kai kaya filin nan nasu. Ƙofar masu sauka na gabas, ta masu tashi na yamma, da bango a tsakani. Za ta fita ta nan, ya shiga ta can. Tsohuwa mai rabin ido, a garin da ba ta san kowa ba, da adireshin da ban sani ba ko yana nan."

"Ba ya nan. Ya tashi."

"Inna lillahi! Kuma kika bar ta ta hau?"

"Na kasa, Baba. Na buɗe baki na kasa."

"To ga waya can a kan kantar."

"In na kira shi zai tambaya."

"Zai tambaya."

"In ya sani ba zai sake duban fuskata ba. Ita ma haka. Zai riƙe ta a can, shi ke nan."

"Yana iya yiwuwa. Ba zan yi miki ƙarya ba, an yi isasshiya."

Ya miƙe, ya mayar da hularsa, ya tafi wajen masu ɗaukar kaya. Bai waiwayo ba.

Ta rage ita kaɗai. Ta buɗe tafin hannunta, makullin ya yi mata shaida a fata saboda damƙa. Ta hango gidan yadda za ta same shi da yamma: takalmin Inna na roba a bakin ƙofa, kular abinci a kan tabarma, rediyo a kashe. Ba mai cewa, ke ce? Abin da ta yi shekara shida tana gudu ke nan, ga shi ta kai kanta da ƙafarta.

Ta ɗaga kai. Tara da arba'in da biyar.

A lissafin Inna na dā, yanzu ta sauka.

Auta ta miƙe ta ɗauki wayar. Ringi ɗaya, biyu. A na uku ya ɗauka, da hayaniyar titi a bayansa.

"Auta? Lafiya da sassafe? Ina hanyar filin jirgi. Na samo maganin, sun canja kwali amma shi ne."

"Yaya, kada ka hau jirgin."

"Me ya faru? Jikin Inna ne?"

"Lafiyarta ƙalau. Tana cikinsa."

"Cikin me?"

"Jirgin. Ya tashi da ita minti biyar da suka wuce. Nan da awa ɗaya za ta sauka a wurinku. Ka je ƙofar masu sauka ka tsaya. Ba ta gani sosai, sai ka matso kusa ka yi magana. Tana sanye da mayafi ruwan toka."

Hayaniyar titin ta ci gaba. Ta ji ya ce wa direba ya tsaya. Da ya dawo, muryarsa ta koma ta yaron da ta sani, mai goya ta zuwa makaranta.

"Ita da kanta? Wurina?"

"Wurinka."

"Ta huce ke nan? Auta, ta huce?"

Tambayar da yake mata ke nan duk wata, a kujerar can, da ledar magani a cinyarsa. Sau sittin da wani abu ta ba shi amsa ɗaya.

"Ta daɗe da hucewa, Yaya."

"Tun yaushe?"

"Tun ba ka cika wata da tafiya ba."

"A'a. Ba ki gane ba. Ta ce sai ta aika. Ni aiken nake jira."

Auta ta rufe ido. Ta damƙe makullin.

"Ta aika."

"Ta aika?"

"Sau goma sha ɗaya. Daga nan ta daina ƙirgawa."

Ta duba ko layin ya yanke. Bai yanke ba. Tana jin numfashinsa.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Wa ta aika?"